Abin Da Ke Cin Guringuntsin Gwiwa Daga Ciki

Duk wanda ke bin jam'i a masallatan Zariya, daga cikin birni zuwa Tudun Wada har Samaru, ya saba ganin kujerun roba a gefen sahu. Masu zama a kansu ba duka ne tsofaffi tukuf ba. Akwai 'yan shekara hamsin da ɗoriya waɗanda ruku'u bai gagare su ba, amma zuwa sujada da tasowa daga zaman tahiya sun zame musu jan aiki. A cikin gidaje abin ya fi haka yawa, domin ciwon ya fi kama mata. Ka tambayi dalili, amsar ba ta wuce biyu: ko a ce sanyin ƙashi ne, ko a ce maiƙon gwiwa ya ƙare, shekaru sun ja, sai haƙuri.

Amsar nan ta biyu ce ke damuna. A bayanta akwai wata fahimta da ta daɗe har a littattafan likitanci, cewa gaɓa goguwa kawai take yi da yawan aiki har ta cinye, kuma ba abin da mutum zai iya. Binciken shekaru talatin da suka wuce ya rushe wannan zato. Amosanin gaɓɓai aiki ne na ƙwayoyin halitta masu rai da ke zaune cikin guringuntsi, waɗanda suke jin nauyi, suke jin rauni, kuma a wani mataki suke juyawa su riƙa rushe abin da aka ajiye su don su kula da shi. Tunda kuwa akwai matakai, akwai lokacin da ake iya tare ɓarnar, akwai kuma lokacin da ta riga ta wuce gyara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da wannan ciwo, fiye da ninki biyu na adadin 1990. Kusan kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma gwiwa ce ta fi shan wahala, da mutum miliyan 365. A 2017 wasu masu bincike a Amurka sun duba kwarangwal na mutanen zamunna daban-daban, suka tarar ciwon gwiwar ya ninka tun daga tsakiyar ƙarni na 20, ko da an cire tasirin tsawon rai da na ƙiba daga lissafi. Da shekaru ne kaɗai, da lissafin bai fito haka ba.

In ka je wurin mahauta a kasuwar Sabon Gari aka sare maka ƙafar sa a daidai gaɓa, dubi kan ƙashin kafin a wanke. Za ka ga wani farin rufi mai sheƙi da ɗan shuɗi-shuɗi. Ka danna shi da farce, zai ɗan lotsa ya komo. Ka goga yatsa, zai zame. Shi ne guringuntsin gaɓa, kuma a gwiwar mutum kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Ba jijiyar jini a cikinsa, ba kuma jijiyar da ke kai saƙon zafi. Abincinsa daga ruwan gaɓa yake samu, kuma motsi ne ke shigar masa da shi: in ka taka ƙafa ruwa ya matse ya fita, in ka ɗaga ya tsotso sabo. Shi ya sa mutumin da ya daɗe kwance, ko wanda ƙafafunsa suka shanye, guringuntsinsa ke sirancewa alhali ba ya aikin komai da shi.

Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na wannan rufi ruwa ne. Abin da ke riƙe ruwan sinadarai biyu ne. Na farko kolajin nau'i na 2, wasu zaruruwan furotin masu ƙarfi da aka saƙa suka kama juna. Na biyu agrikan, wani ƙaton furotin da ke ɗauke da sarƙoƙin sukari sama da ɗari, kowace sarƙa cike da cajin lantarki iri ɗaya. Wannan caji ne ke jawo gishirin sodiyam, ruwa kuma ya biyo gishirin, sai agrikan ya nemi kumbura, saƙar kolajin ta hana shi. Tsakanin mai son kumbura da mai hanawa ake samun taurin da ke ɗaukar nauyin mutum. A can sama kuma akwai wani furotin mai suna lubrisin, wanda tare da hayaluronan na ruwan gaɓa yake ba da santsi. Masu kula da duk wannan su ne ƙwayoyin kondrosait, 'yan kaɗan ne, ba su fi kashi 2 cikin 100 na girman guringuntsin ba, kowace tana zaune ita kaɗai cikin ɗan raminta.

Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne sinadaran biyu ba tsawon rai ɗaya gare su ba. Wanda ya tashi a gidan ƙasa a cikin birnin Zazzau ya san yaɓe ake sabuntawa kafin damina, amma azarar soro sau ɗaya ake ɗora ta, ranar da gara ta cinye ta kuwa yaɓe ba ya ceton rufin. Agrikan shi ne yaɓen, ƙwayoyin kondrosait suna sake shi a hankali cikin 'yan shekaru. Kolajin shi ne azarar. A 2016 masu bincike a Danmak sun tabbatar da wannan ta wata hanya mai ban sha'awa. Gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da farkon 1960 sun ƙara yawan sinadarin kabon-14 a iska, daga nan ya riƙa raguwa shekara bayan shekara, don haka kowane nama na jiki yana ɗauke da alamar shekarar da aka gina shi. Da suka auna kolajin na guringuntsin gwiwar manya, sai suka ga alamarsa ta shekarun ƙuruciyar mutumin ce, lokacin da ƙashinsa bai gama tsawo ba. Har waɗanda ciwon ya ci gwiwarsu, jikinsu bai sake gina sabuwar saƙa ba. Dattijo ɗan shekara saba'in da kolajin ɗin samartakarsa yake tafiya. Tun a 1743 likitan nan William Hunter ya rubuta a Landan cewa guringuntsi in ya lalace ba ya komowa, sai ga shi an gano dalilin bayan fiye da shekara 270.

To, me ke fara ɓarnar? A jikin kowace kondrosait akwai ƙofofi ƙanana masu buɗewa in an danna ta, su bar kalsiyam ya shiga. Ɗaya ana kiranta TRPV4, ita ke amsa nauyi matsakaici irin na tafiya, kuma saƙon da take bayarwa na gini ne, wato a ƙara agrikan. Wasu biyun su ne Piezo1 da Piezo2, waɗanda gano su na cikin abin da ya ba Ardem Patapoutian kyautar Nobel a 2021. Su sai an matse ƙwayar matsa mai tsanani suke buɗewa, kuma buɗewarsu fiye da kima tana kai ga rauni ko mutuwar ƙwayar. Nauyi daidai wa daida abinci ne ga guringuntsi. Nauyin da ya wuce kima, ko wanda ya taru a gefe ɗaya saboda gaɓa ta karkace ko tana girgiɗi, shi ne ke sauya saƙon.

In saƙon ya sauya, kondrosait tana fara fitar da inzayim, wasu furotin masu yanka sinadaran guringuntsi. Na farko su ne ADAMTS-4 da ADAMTS-5, masu datse agrikan a kusa da gindinsa, sai sarƙoƙin sukarin su ɓalle su fice zuwa ruwan gaɓa. A 2005 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Ostireliya, sun wallafa a mujallar Nature cewa ɓerayen da aka kashe musu ADAMTS-5 guringuntsinsu yana tsira daga wannan ɓarna. A wannan mataki guringuntsi yana laushi, yana rasa taurinsa, amma ana iya komowa, tunda agrikan abin sabuntawa ne. Hoton ƙashi ba ya nuna komai tukuna. Matsalar ita ce agrikan yana kuma lulluɓe zaruruwan kolajin, da ya tafi sai su zama a fili. Nan ne MMP-13 ke shigowa, inzayim ɗin da ya fi kowane ƙwarewa wajen yanka kolajin nau'i na 2. Yana sara zaren a wuri ɗaya, zaren ya warware, sauran inzayim su ƙarasa shi. Jiki yana da masu hana su aiki, irin su TIMP-3, amma a gaɓar da ta kamu masu yankan sun rinjaye su. Daga nan saman guringuntsi ya fara tsattsagewa, tsagar ta riƙa nitsewa har ta kai ƙashi.

Ɓarnar kuma ciyar da kanta take yi, wannan shi ne abin da ke sa ciwon ya ci gaba ko bayan raunin farko ya warke. Guntayen da aka yanka, na agrikan da na hayaluronan da na wani furotin mai suna fibronektin, ba sa tafiya salin-alin. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ke tantanin da ya lulluɓe gaɓa suna da na'urorin gane haɗari, irin su TLR2 da TLR4, waɗanda asali don gane ƙwayoyin cuta aka yi su, amma suna amsa waɗannan guntaye ma. Sai su saki sinadaran kumburi, IL-1 da IL-6 da TNF. Waɗannan su koma kan kondrosait su kunna wani makunni a cikinta mai suna NF-kappa-B, shi kuma ya ba da umarnin a ƙara MMP-13 da ADAMTS, a rage gina kolajin da agrikan. Ƙarin yanka, ƙarin guntaye, ƙarin kumburi. Tantanin ya yi kauri ya riƙa zubo ruwa. Saboda haka gwiwar da ake cewa maiƙonta ya ƙare sau da yawa ruwa ne ya yi mata yawa, sai dai ruwan ya tsinke, hayaluronan ɗinsa ya gutsuttsure, santsinsa ya ragu.

Mutum zai zaci tunda an gano IL-1 an gama, a toshe shi kowa ya huta. An gwada, ba a dace ba. Magungunan toshe IL-1 da TNF, waɗanda suka sauya rayuwar masu amosanin da garkuwar jiki ke haddasawa, ba su taɓuka abin kirki ba a gwajin masu wannan ciwo. Sai dai akwai wata alama da ta fito ta bayan fage. A wani babban gwaji mai suna CANTOS an bai wa mutum sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya maganin toshe IL-1 na tsawon shekaru, don zuciyarsu aka yi. Da aka sake duba bayanan a 2020, sai aka ga waɗanda aka yi wa allurar maganin buƙatar tiyatar sauya gwiwa ko ƙugu ta ragu a cikinsu da kusan kashi 40 cikin 100. A ganina abin da wannan ke nunawa shi ne kumburin yana da hannu, amma a wasu mutane, kuma sai an tare shi da wuri kuma na dogon lokaci.

Akwai wani sauyi da ke faruwa ga kondrosait wanda ni ya fi ba ni mamaki. A jikin yaro, a ƙarshen dogayen ƙasusuwa, akwai guringuntsin girma, wanda aikinsa shi ne ƙwayoyinsa su kumbura, su fitar da MMP-13 da kolajin nau'i na 10, su kira jijiyoyin jini, su mutu, ƙashi ya maye gurbinsu. Haka yaro ke tsawo. Guringuntsin gaɓa an hana shi bin wannan hanya har abada. A gaɓar da ta kamu, hanin yana sakwarkwacewa: furotin irin su RUNX2 da HIF-2alfa suna tashi, hanyar saƙo ta Wnt ta rikice, sai kondrosait ta fara bin tsarin da ya dace da yaro mai girma a cikin gwiwar dattijuwa. Ƙasan guringuntsin ya riƙa taurarewa da kalsiyam, jijiyoyin jini su kutso daga ƙashi, jijiyoyin jin zafi su biyo su zuwa inda da can babu su.

Tsufa yana da nasa rabo, ban musa ba, amma ta wata hanya takamaimai. Da shekaru, sukarin jini yana manne wa zaruruwan kolajin yana ɗaure su da juna, su yi tauri su zama masu saurin karyewa, kuma tunda ba a sabunta su, abin taruwa yake yi. Ga mai ciwon suga abin ya fi sauri. Wasu kondrosait kuma suna shiga wani hali da ba su mutu ba, ba sa kuma aiki, sai fitar da sinadaran kumburi da inzayim suna ɓata maƙwabtansu. A 2017 an nuna cewa share irin waɗannan ƙwayoyi daga gwiwar ɓeraye yana rage ciwon. Da aka gwada maganin a gwiwar mutane, sakamakon 2020 bai nuna ya fi allurar da ba magani a cikinta ba. Tsufa dai yana rage ƙarfin gyara, ya bar gaɓa a shirye ta faɗi in wani abu ya ture ta.

Ƙashin da ke ƙarƙashi ma ba ɗan kallo ba ne. Da farko yana sirancewa saboda masu rushe shi sun yi yawa, daga baya ya yi kauri amma ba inganci. Sinadarin TGF-beta da ke ɓoye cikin ƙashin yana fitowa fiye da kima ya kira ƙwayoyin gini su yi gini ba tsari, kuma yana da hannu a ƙusoshin ƙashi da ke tsirowa a gefen gaɓa. Su ne kullin da kake gani a gaɓar ƙarshe ta yatsun tsofaffi, su ne kuma ke hana gwiwa miƙewa sosai.

Yanzu ga tambayar da ta fi damun mai ciwo. In guringuntsi ba ya jin zafi, daga ina zafin yake? Daga tantanin gaɓa, daga ƙashin da ke ƙasa, musamman wuraren da hoton MRI ke nuna ɓargo ya yi rauni, da kuma igiyoyi da tsokar da ke kewaye. Gaɓar da ta kamu tana fitar da wani furotin mai suna NGF, wanda ke sa jijiyoyin jin zafi su yaɗu su kuma ƙara saurin amsawa, tare da sinadarin furostagilandin. In abin ya daɗe, laka da ƙwaƙwalwa ma sukan ƙara wa saƙon ƙarfi. Wannan ne dalilin da za ka ga mutum biyu a layin ganin likitan ƙashi a asibitin koyarwa da ke Shika, ɗaya hotonsa ya nuna ƙashi na gogar ƙashi amma da ƙafarsa ya zo, ɗaya hotonsa da sauƙi amma ba ya barci. Sanyin hunturu ma ta nan yake shiga: yakan ƙara wa mutane da yawa ƙagewa da jin zafi, amma ba shi ne tushen ciwon ba.

Gwaje-gwaje biyu sun fito da wannan rabuwa tsakanin zafi da ɓarna ƙarara. Kamfanonin Pfizer da Lilly sun yi wani magani mai suna tanezumab da ke toshe NGF. Ya rage zafi, amma a wasu daga cikin masu karɓarsa gaɓa ta riƙa rugujewa cikin gaggawa, musamman in an haɗa shi da magungunan kashe zafi da aka saba. A 2021 aka dakatar da shi bayan hukumomin magunguna na Amurka da Turai sun ƙi amincewa. A ɗaya gefen akwai sprifermin, allurar da ke sa kondrosait ta yi gini. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna kaurin guringuntsi ya ƙaru da kusan milimita 0.05 cikin shekara biyu, amma zafin bai ragu fiye da na waɗanda aka yi wa allurar banza ba. Ɗaya ya kashe zafi gaɓa ta lalace, ɗaya ya gina gaɓa zafi yana nan. Har yau babu magani ko ɗaya da wata babbar hukumar magunguna ta amince cewa yana tsayar da ɓarnar kanta.

Wannan ya kamata ya sa mu yi hattara da abin da ke faruwa a unguwanninmu. Tsohuwa ta aiki jikanta kemis, ya ce wa mai shago, Inna ce gwiwa ta hana ta barci, a ba ta haɗi. A ƙulla masa ƙwayoyi kala huɗu ko biyar a farar leda ba suna. Ta sha, washegari ta tashi garau har ta yi shara, ta sa wa mai kemis albarka. Abin da irin wannan haɗi ya saba ƙunsa shi ne diklofenak ko firoksikam, waɗanda ke hana yin furostagilandin, tare da deksametason ko firednisolon. Na farkon in aka daɗe ana sha suna cin ciki su taɓa ƙoda, ga dattijo mai hawan jini kuwa haɗarin ya fi girma. Na biyun suna ɗaga suga, su kumbura fuska, su ƙara ƙiba, su sirantar da ƙashi, har suna iya kashe kan ƙashin cinya. MMP-13 kuma yana can yana aikinsa. Ko allurar sitiroid da likita ke yi a cikin gwiwa, wadda takan taimaka na 'yan makonni in gaɓa ta kumbura, ba abin maimaitawa ba ce barkatai: a wani gwaji na mutum 140 da aka wallafa a 2017, waɗanda aka riƙa yi wa ita duk wata uku har shekara biyu sun fi rasa guringuntsi, kuma zafinsu bai fi na masu allurar ruwan gishiri sauƙi ba. Gulukosamin da ake sayarwa da tsada a matsayin mai mayar da maiƙo, babban gwajin da aka yi masa a Amurka a 2006 bai nuna ya fi ƙwayar banza ba a jimlar masu ciwon. Mai neman sauƙin zafin gwiwa, diklofenak na shafawa ya fi na haɗiya aminci nesa ba kusa ba.

Abin da ke taɓa tushen shi ne abin da ke sauya saƙon da kondrosait ke ji, kuma ƙiba ce kan gaba. An auna cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Amma ba nauyin kaɗai ba ne, domin masu ƙiba sun fi kamuwa da ciwon har a yatsun hannu, kuma ba wanda ke tafiya da yatsunsa. Kitse yana fitar da sinadarai irin su leptin da IL-6 da ke ƙara wa kondrosait fitar da inzayim, a cikin gwiwar ma akwai dunƙulen kitse a ƙasan ƙoƙonta da ke yin haka. Gwaji ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki tare da motsa jiki yana rage zafi sosai. A wurinmu wannan magana ce mai nauyi, tunda har yanzu in mace ta yi jiki cewa ake ta samu hutu, in ta rame a tambaye ta ko lafiya. Ga zaman gida ba tafiya, ga lemon kwalba, ga haihuwa a jere da ke barin nauyi bayan kowane goyo. Ina ganin 'ya'yan da ke son gwiwar mahaifiyarsu su fara ta nan kafin su fara ta kemis.

Na biyu shi ne rauni. Wanda igiyar tsakiyar gwiwarsa ta tsinke a filin ƙwallo, ko faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya yage a haɗarin acaɓa, kusan rabin irinsu suna kamuwa da amosanin gwiwa cikin shekara 10 zuwa 20, wato tun suna da sauran ƙuruciya. Karayar da ta ratsa cikin gaɓa ta fi wannan haɗari. Masu ɗori suna da gwanintarsu a karayar tsakiyar ƙashi, amma in tsagar ta shiga fuskar gaɓa, tudun milimita biyu kacal da ya rage ya isa ya tara nauyi a wuri ɗaya na tsawon rai, hannu kuma ba ya gane milimita biyu ta bayan fata. Irin wannan karaya hoto take so da likitan ƙashi, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ko a asibitin ƙashi na Dala a Kano. Haka yaro mai gwame ko ƙafar baka da ba ta miƙe da girma ba, domin karkacewar tana jibga nauyi a ɓangare ɗaya na gwiwa. Masu sikila kuma nasu ta ƙugu yake zuwa: jini ya toshe wa kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu ya lotsa, guringuntsin da ke kansa ya bi shi, sau da yawa tun kafin shekara talatin. 'Yan dako da duk mai aikin da ya haɗa tsuguno da ɗaga kaya masu nauyi su ma suna cikin haɗari.

Kuskuren da na fi gani shi ne a ce wa mai ciwo ya zauna ya huta wa ƙafar. Hutun kwana biyu lokacin da gwiwa ta kumbura daidai ne, amma hutun watanni yana narkar da tsokar cinya, ita ce kuwa ke tare girgiza kafin ta kai ga guringuntsi, sannan yana hana kondrosait nauyin nan matsakaici da ke sa ta gini. Tafiya a fili mai laushi, tuƙa keke, miƙe ƙafa a zaune a riƙe ta a sake, duk waɗannan likitocin gashin ƙashi suna koyar da su, kuma su ne matakin farko a duk ƙa'idojin kula da wannan ciwo. Sanda a hannun da ke gefen ƙafar da ba ta ciwo tana sauke wa gwiwa nauyi, ba abin kunya ba ce. In kolajin ya riga ya tafi, ƙashi na gogar ƙashi, barci ya gagara, abin da ya rage shi ne tiyatar sauya gaɓa, tana aiki ƙwarai amma kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Alamun farko ba su da hayaniya: gwiwa ta ƙage da asuba ta sake kafin rabin awa, ta yi zafi wajen hawa bene ko tasowa daga tabarma, ta riƙa ƙara in an lanƙwasa ta. A wannan lokaci ne ya kamata a ga likita, a duba nauyi da suga da yadda ƙafar ta tsaya. In kuwa ƙagewar safe ta wuce awa guda kuma gaɓɓai da yawa na hannu biyu sun kumbura tare, ko gaɓa ɗaya ta kumbura farat ɗaya ta yi zafi rau da zazzaɓi, ko ciwon ya zo da rama da gumin dare, to wata cuta ce daban, ko ta garkuwar jiki, ko gawut mai zuwa da taruwar sinadarin yurik a gaɓa, ko ƙwayar cuta a cikin gaɓa, ko tarin fuka na ƙashi. Gaɓar da ƙwayar cuta ta shiga tana iya rasa guringuntsinta cikin 'yan kwanaki, don haka ranar da aka gani ranar ake kai mutum asibiti.